Hoton Baffa da Kalmar Sirri

Tarihin ɗan Adam, in za a yi masa rabon gaskiya, kashi biyu ne kawai: zamanin da kayan aiki ke sanin mai su ta hannunsa, da zamanin da suka fara tambayarsa shaida. Duk sauran abin da na yi shekaru ina koya wa yara a aji, daulolin da suka tashi da waɗanda suka faɗi, ƙarin bayani ne. Fartanya ba ta taɓa tsayar da manomin ƙauyen Dinawa a bakin gona ta ce sai ya faɗi sunansa ba. Keken ɗinki bai taɓa ce wa tela ya dakata sai an tuntuɓi wanda ya ƙera shi ba. Ni kuwa na rayu har na ga ranar da abin da na saya, na girke a zaurena, nake goge shi da hannuna, ya dube ni ya ce bai san ni ba.

Bayan na ajiye alli na buɗe ɗan wurin aiki a zauren gidana a Wurno. Tebur ɗaya, kwamfuta mai akwati irin ta girke, firinta, sikana, da farantin sola a kan rufi. Abin da nake yi bai wuce abin da gari ke buƙata ba: katin ɗaurin aure, takardar shaidar saukar karatu, kalandar islamiyya, wani lokaci tambarin da masu albasa na Goronyo ke so a buga musu a buhu don kada a haɗa nasu da na wasu a tasha. Manhajar zanen da na fara da ita a faifan CD ta zo, cikin kwali. Na sa ta sau ɗaya, ta zauna. Ba ta san akwai wata duniya bayan bangon zaurena ba, ni ma ban gaya mata ba. Mun yi shekaru a haka kamar tsohon jaki da mai shi, ba hira, ba gardama.

Sai wata tsawa ta bi wayar wuta ta ƙone tsohuwar kwamfutar. Wadda na sayo a Sakkwato ta ƙi karɓar faifan, wai ya tsufa. Sabuwar manhajar kuwa ba a kwali take zuwa ba. Daga intanet ake sauko da ita, sannan ka buɗe asusu da sunanka da imel da kalmar sirri. Aikin duk a cikin akwatin da ke gabanka ake yin sa, ba ta buƙatar kowa kafin ta ja layi ko ta zuba launi. Amma lokaci-lokaci sai ta leƙa gida ta shaida wa masu ita cewa har yanzu kai ne. Mai shagon ya yi mini wannan bayani, na gyaɗa kai kamar ɗalibin da ya gane. A lokacin sabis na cika waya ko a ƙuryar ɗaki. Wa zai yi faɗa da sharaɗin da bai taɓa cizonsa ba?

A farkon daminar da ta biyo baya Inna ta aiko a kira ni. Inna matar yayan mahaifina ce, wanda muke kira Baffa, kuma a gidansu na yi rabin ƙuruciyata. Baffa malamin zaure ne, mai ƙin hoto kamar yadda wasu ke ƙin maciji. Ya rasu ina sabon malamin firamare. Sau ɗaya tak mai hoto ya ci nasara a kansa, ranar da wani babban baƙo ya zo gari aka jera malamai da masu sarauta a ƙofar fada. Bai sami hanyar zamewa ba.

Na iske ta a inda take zama kullum, kan tabarma a bakin ƙofar ɗakinta. Tun daga sallamata ta gane ni.

"Ɗan boko, an ce kana da injin da ka gyaran hoto."

"Ana dai taɓawa, Inna."

Ta laluba gefenta ta miƙo mini wani abu a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Hoton ne. Bai fi tafin hannu ba, gara ta ci gefe ɗaya, ruwa ya yi masa taswira. Mutane sun fi aji ɗaya a ciki, kowa fuskarsa kamar ƙwayar wake.

"Shina can ƙarshe, hannun dama, bayan mai sanda," in ji ta. "Hiddo min shi shi ɗai daga cikin mutanen ga, ka ƙara mishi girma awa faifan ruhe ƙwarya. Idanun ga sun hwara gajiya. Ina son in gan shi kahin su ƙare."

Na yi dariya na ce, "Inna, mutumin da kunka yi zaman duniya da shi, mi za ki gani sabo?"

"Kai, rabu da ni. Ka ɗauka irin auren ku na, da mata ka zura ma miji ido awa telebijin? Zaman da munka yi da shi ban taɓa cika ido da huskatai ba. Ko ruwa za ni ba shi, takalmanai nika kallo. Takalman kam, ko cikin dubu anka zuba su ina hidda su."

"To shi hoton fa? Ai ya daɗe hannunki."

"Shi ma kunyatai nika ji. Kuma mi za a gani ga huska awa ƙwayar wake?"

Na karɓi aikin a kan haka. Na san abin da ke gabana: idon tsohuwa yana tafiya, ni kuma ina da fuskar da zan kai mata kafin ya ƙarasa.

Cire Baffa daga cikin taro bai ba ni wahala ba. Da na ƙara masa girma ne na ga ɓarnar. Gara ta cinye idon hagu da rabin kunci, ruwa ya wanke gefen rawani. Abin da ya rage hanci ne, gemu, da ido ɗaya mai kallon mai hoto kamar wanda ya kama ɓarawo a rumbu. Sauran sai dai in gina shi ɗigo-ɗigo daga abin da na tuna. Aiki ne na haƙuri, kamar ɗinkin hula. Nakan yi shi da hantsi, lokacin da sola ta ƙoshi, tsakanin katin biki da katin suna.

Da la'asar kuma nakan biya ta gidan in kai rahoto. Ban shirya haka ba, al'ada ce ta kafa kanta.

"Yau ina anka kai?"

"Gemu, Inna."

"Ya yi hurhura?"

"Ta tsakiya kaɗai. Gefe baƙi na wuluk."

"Uhm. Ci gaba."

Sai in ci gaba. In gaya mata hancin dogo ne, da ɗan karkata ta dama. In gaya mata akwai layi biyu tsakanin girarsa, irin na mai yawan duba ƙananan rubutu. Takan saurara kanta a sunkuye, carbi na tafiya. Wata rana na ce mata leɓensa na ƙasa ya ɗan turo, kamar zai yi magana aka hana shi. Ta yi dariya har ta yi tari, ta ce, "Hwaɗa za shi yi. Ko ba a hwaɗa min ba na sani."

Idon hagu ne ya tsayar da ni. Na juyo na dama na manna a gurbinsa, sai Baffa ya zama wani mutum dabam, mai kama da alƙalin da bai yi barci ba. Na tuna idon hagunsa ya ɗan fi ƙanƙanta, amma da kamar yaya? Na tambayi Inna, ta ce in tambaye ta takalmi. Na tambayi tsofaffin ɗalibansa a bakin masallaci, suka rabu gida biyu: masu cewa hagu ne ƙarami da masu cewa dama. Ɗaya ya ce shi dai bulalar ya fi tunawa. Na koma na ci gaba da gwaji, in rage, in ƙara, in goge. Ban buga ko gwaji ɗaya na kai mata ba. Malamin makaranta ba ya miƙa aikin da bai kammala ba, ko da shi ne mai maki.

Ana cikin haka, gero ya fara nuna, aka yanke sabis.

Kowa a ƙasarmu ya san dalili. 'Yan bindiga sun addabi ƙauyuka, daga Shinaka har gefen Rabah ba a kwana da ido biyu rufe, hukuma ta ga cewa da waya suke shirya ɓarnarsu. Aka rufe layi a Wurno, a Rabah, a Goronyo. Ba ni da ta cewa a kan wannan. Wanda aka kore wa shanu ko aka ɗauke wa ɗa ya fi ni haƙƙin magana. Waya ta koma tocila da agogo. Ni kam har na yi wa kaina murna, na ce aikina ba ruwansa da sabis. Kuma da farko haka ne. Manhajar ta ci gaba da buɗewa, sai dai wani ɗan rubutu da ya fara fitowa a kusurwa, mai ladabi, yana tuna mini cewa an kwana biyu ba a gaisa ba. Na riƙa ture shi kamar ƙuda.

Wata safiya na kunna, maimakon fuskar Baffa sai farin allo da gurbi biyu: imel, kalmar sirri. Na rubuta su daidai, domin ban manta ba. Ta yi ɗan juyi, ta ce ba ta iya isa ga masu ita ba, in duba intanet ɗina in sake gwadawa. Na sake. Na kashe na kunna. Na yi mata abin da ake yi wa rediyo, na ɗan bubbuga gefen akwatin. Amsar ba ta canza ba, kuma ladabin bai ragu ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da zagina ta yi da na san da wa nake faɗa.

Fayil ɗin yana nan. Ina ganin sunansa, ina ganin nauyinsa. Amma a irin tsarin manhajar aka adana shi, ba abin da ke buɗe shi sai ita. Baffa na cikin akwati a kan teburina, tsakanina da shi bai kai kamu ɗaya ba, mabuɗin kuma na hannun wasu mutane a wata ƙasa da ba su san akwai Wurno ba. Na karanta labaran sarakunan da ke sa talakawa su zo gaisuwa kowace shekara don a tabbatar ba su yi tawaye ba. Aƙalla su sukan ba da goro.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Abin da ba su hango ba shi ne ranar da mutum zai sayi abu, a ba shi rasit, ya kai gida, sannan ya gane aro ne.

Na shiga zaman jiran gawon shanu. Kowace ranar kasuwa da labarinta: za a buɗe layi ranar Juma'a, za a buɗe bayan girbi, wani ya ji daga bakin wani mai ɗan'uwa a ofis. Aka ce akwai wani tudu ta hanyar Tursa inda sabis ke ɗan sauka kamar raɓa. Na je. Na iske jama'a tsaye, kowa hannu sama kamar masu roƙon ruwa. Wayata ta kama sanda ɗaya ta sabis, saƙonni suka shigo. Na tsaya ina kallonta. Sabis ba ruwa ba ne balle in ɗebo a ƙwarya in kai wa kwamfuta gida, ita kuma kwamfutar ba ta hawa tudu sai da wuta.

Ranar farko da manhajar ta ƙi buɗewa na gaya wa Inna gaskiya, gwargwadon yadda za ta shiga kunne.

"Injin ya ƙi buɗewa, Inna. Sai ya gaisa da masu shi."

"Ba kai as saye shi ba?"

"Ni na."

"To su wa am masu shi kuma?"

Na soma yi mata bayanin asusu da kalmar sirri. Ta ce, "To bar shi ya huce. Zo dai ka hwaɗa min kunnenai."

Na gaya mata rawani ya rufe kunnen. Washegari na maimaita mata hanci. Bayan nan labari ya ƙare mini. Ga shi kullum na zo sai in ga kamar idanunta sun ƙara yin fari, in ji kamar ni nake riƙe da ƙofa a rufe. Na fara tsallake kwana ɗaya, sannan mako. Nakan aika gaisuwa ta bakin mai ɗakina. Takan dawo ta ce, "Inna ta ce ɗan boko ya yi tsada."

Da aka fara ɗaukar albasa na yanke shawara. Zuwa da kai ya fi aike: in manhaja na son gaisuwa, zan kai ta har inda za a ji muryarta. Mai ɗakina ta tsaya tana kallona ina naɗe akwatin kwamfutar cikin bargo.

"Mutane na gudun hanyag ga da ransu, kai za ka bi ta da ƙarhe bisa cinya."

"Baffa na ciki."

"To Allah shi kai ku lahiya, kai da Baffan."

Motar da na samu rabinta mutane, rabinta buhunan albasa. Direban, wani mai bakin da ba ya hutawa, ya dubi abin da na rungume.

"Malam, wanga jariri na ko rediyo?"

"Kwamfuta ta."

"Asibiti za a kai ta?"

"Gaisuwa za ta kai."

"Ga wa?"

"Ga iyayengijinta."

Wata dattijuwa daga baya ta ce, "To Allah shi sa su amsa. Manya ba su cika amsa gaisuwar talaka ba." Motar ta ɗauki dariya. Daga nan kuma muka shiga inda kowa ke kallon daji ba ya kallon ɗan'uwansa. A shingen jami'an tsaro aka sa na kwance bargon. Wanda ya duba ya tambaye ni mene ne a ciki. Na ce hoton wani malami da ya rasu. Ya dube ni, ya dubi akwatin, ya ɗaga hannu mu wuce. Ina jin ya ga irina da yawa a kwanakin nan.

A Sakkwato na sauka a shagon wani tsohon abokin aikina mai buga takardu. Muka jona wuta, muka ari allo, muka haɗa intanet. Na rubuta imel da kalmar sirri, waɗanda na rubuta a zaurena har yatsuna suka haddace. Kafin in gyara zama ta buɗe. Har da yi mini barka da dawowa, ni da ban je ko'ina ba sai inda ta aike ni.

Ga Baffa, da ido ɗaya da rabi, yana hararata. Ban ƙara tsayawa neman ra'ayin kowa ba. Na rage idon hagu kaɗan yadda zuciyata ta ba ni, na gama a zama ɗaya abin da na yi damina ina juyawa. Muka buga shi a takarda mai sheƙi, faɗin faifai kamar yadda aka umarta, aka sa masa gilashi da katako. Na kwana, na dawo da kaya biyu a cinya, dukansu suna warin albasa.

Ban ko biya gida ba. Na yi sallama, ta ɗago.

"A'a. Ɗan boko ya tuna hanya."

"Ga shi, Inna. Ga Baffa."

Na miƙa mata. Hannunta ya wuce gefen katakon, ya dawo yana nema, sai da na ɗora mata shi a tafi. Ta shafa gilashin daga sama har ƙasa. Ta kawo shi kusa da fuskarta, kusa ƙwarai, har numfashinta ya yi masa hazo. Ta daɗe a haka.

"Ni shika kallo?"

"Ke shika kallo, Inna."

Sai ta kawar da kai gefe, ta jawo mayafi ta rufe rabin fuska, kamar yadda na sha ganin ta yi in Baffa ya shigo tsakar gida. Ta ce, "Rataye shi can bisa. Allah shi yi maka albarka." Na rataye shi. Ba ta ce hancin ya yi ba, ba ta ce idon bai yi ba. Na fito na san na makara.

An buɗe layi daga baya, ba tare da wani biki ba. Manhajar ta koma leƙa gida a ɓoye, ba ta ƙara tambayata komai ba. Ni ne ban yafe ba. Duk wanda ya zauna a zaurena ya ji karatun: yadda wasu masu wayo suka ɗaura wa alƙalami igiya suka riƙe bakinta, yadda watannin da na yi ina kallon farin allo su ne watannin da suka rage wa idon wata tsohuwa. Na yi wannan bayani ga masu katin aure da masu albasa da duk wanda tsautsayi ya kawo, da misalai, da tarihi, da fartanya. Na iya shi har ina jin daɗin faɗinsa.

Inna ta rasu da bazara. Bayan an share makoki na zauna da babbar 'yarta a tsakar gida, ita da ta yi jinyarta, hoton na rataye a inda na bar shi. Na fara mata karatun nawa, na kai daidai wurin da nake cewa da an buɗe mini a kan lokaci da ta gan shi. Ta dakatar da tsince shinkafar da take yi, ta dube ni.

"Yaya, ai ita ta hana a hwaɗa ma kowa."

Tun azumin da ya gabaci waccan daminar, kafin ta aiko a kira ni, Inna ba ta ganin ko tafin hannunta.